Akwatin irin shuka na "kowane yanayi": abin da ya tsiro da abin da ya ƙi

Irin da ke cikin akwatin nan da ake tallarsa cewa na kowane yanayi ne mai kyau ne, amma takardar da ke koyar da lokacin shuka ba ta kowane yanayi ba ce, ta masu ƙanƙara ce kawai. Wanda ya riƙe wannan tun kafin ya saya zai ci moriyar akwatin sosai. Wanda kuwa ya ɗauki takardar a matsayin doka alhali yana zaune a ƙasa mai zafi, rabin irinsa zai salwanta, ya koma yana zargin hannunsa, ko ya ce shi ba shi da sa'ar shuka. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi bayani dalla-dalla, domin na sha ganin mutane sun bar lambu gaba ɗaya saboda karon farko da suka gwada bai yi ba.

Ba zan ambaci sunan masu sayarwar ba. Irin wannan akwati ya cika intanet, kuma kusan tsarinsu ɗaya ne. Namu ya zo da ƙananan fakiti na kayan lambu 12 da furanni 6, da farantin roba mai ramuka na renon iri da murfinsa mai haske, da dunƙulen ɓawon kwakwa da ake jiƙawa ya kumbura ya zama kamar ƙasa, da 'yan sandunan rubuta suna, da ma'aunin zafin ƙasa, sai babbar takarda mai launi da aka jera watanni a kanta. Na ce namu ne saboda mu biyu muka saya a lokaci guda, ni da ƙanwata. Ita tana ƙasar da ƙanƙara ke kwana a kan ciyawa har cikin Afrilu, tana da ɗan fili a bayan gida da taga mai kallon rana. Ni kuwa inda nake ba a san ƙanƙara ba, sanyinmu gajere ne kuma busasshe, daga shi sai zafi mai tsanani, sannan ruwa ya sauko. Akwati ɗaya, hannu biyu, yanayi biyu.

Ta fuskar ingancin iri ba ni da ƙorafi. Kowane fakiti na cikin ledar gwangwani mai hana iska da danshi shiga, an buga shekarar da aka tattara shi a baya. Kafin in taɓa ƙasa na gwada kowane iri a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, na naɗe na sa a leda na ajiye a inuwa. Tumatir da kokwamba da wake da kuɓewa kusan duk sun fasa. Tattasai ya ɗauki lokaci, amma haka halinsa yake, ya kan kai mako biyu ko fiye. Albasa ce kaɗai ta yi rauni, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, irin albasa ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, sabanin na tumatir da kan kai shekara huɗu ko biyar in an adana shi da kyau. Yawan irin ma ya wadatar. Fakitin karas da na latas sun ishi gida biyu.

Yanzu ga takardar watannin, wadda ita ce ake nunawa a gaba a duk tallar. An raba ta gida-gida bisa taswirar shiyyoyin sanyi ta ma'aikatar noma ta Amurka. Wannan taswira tsohuwa ce, an fara fitar da ita a 1960, an sabunta ta na baya-bayan nan a 2023, tana da shiyya 13. Abin da take aunawa guda ne: mafi tsananin sanyin da wuri kan samu a hunturu, a matsakaicin shekara 30. Amfaninta shi ne ta gaya wa mutum ko bishiya ko furen da ke daɗewa shekaru zai rayu ya tsallake hunturu a inda yake. Ba ta cewa komai game da zafin da za a yi daga baya, ko yaushe ruwa zai zo, ko tsawon yini. Su kansu Amurkawan sun ga wannan giɓi, shi ya sa ƙungiyarsu ta masu lambu ta fitar da wata taswirar a 1997 mai shiyya 12, wadda ke ƙirga kwanakin da zafi ke haura digiri 30 a shekara. Masu akwatin ba su kawo wannan ta biyun ba ko a gefe, alhali ita ce ta fi shafar rabin mutanen da suke sayar wa kaya.

Duk lissafin takardar ya rataya ne a kan rana ɗaya, ranar da ake sa ran ƙanƙarar ƙarshe. A shuka tumatir a ɗaki mako 6 zuwa 8 kafin ta, tattasai mako 8 zuwa 10, a fitar da su waje bayan ta wuce. Ga ƙanwata wannan lissafi ya zauna daram. Ta nemi ranar yankinta, ta ƙirga baya, ta shuka tumatir a cikin Maris, ta dasa a tsakiyar Mayu. Ta ce da ni, "Yaya, ni fa takardar nan kamar don ni aka rubuta ta." Gaskiya ta faɗa. Ni kuma da na nemi gidana a takardar sai na tarar da layi ɗaya a can ƙasa, an haɗa shiyya ta 11 zuwa 13 an rubuta cewa ana iya shuka a kowane wata. Wannan layi shi ne mafi cutarwa a cikin akwatin duka. Rashin ƙanƙara ba ya nufin rashin lokaci. Mu ma muna da namu shingen, zafi ne, kuma yana kashe latas kamar yadda ƙanƙara ke kashe tumatir.

Ba mu kaɗai takardar ta manta da mu ba. Mutumin Ostareliya ko Ajantina ko Afirka ta Kudu, ɗumin da ke biyo bayan hunturu yana zo masa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka sai ya juya takardar da wata shida da kansa, ba a gaya masa ba. Mai zama a kan tudu a ƙasashe masu zafi shi ma daban ne. Iska na yin sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa birni kamar Adis Ababa, da ke sama da mita 2,300, kabeji da latas ke jin daɗinsa a watannin da suke ƙonewa a kwari. Ƙasashen bakin tekun Bahar Rum kuma ruwansu da sanyi yake zuwa, rani ya bushe ƙayau, masu lambu a can kan shuka ganye tun kaka. Duk waɗannan an ce musu akwatin nasu ne.

Abin da ya ceci akwatin a wurina shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin zafin ƙasa da aka cusa a gefe, ko bayaninsa ba a yi ba sai layi biyu. Sanda ce ta ƙarfe da ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba, da fuska kamar ta agogo. Ana soka ta cikin ƙasa kimanin santimita 5, zurfin da iri zai kwanta ko kusa da shi, a jira minti biyu, a karanta. Ina aunawa da sassafe da kuma bayan azahar, kwanaki a jere, domin awon rana ɗaya ba ya nuna komai. Iri bai san Maris ba, bai san Oktoba ba. Abin da yake ji shi ne ɗumin ƙasar da ke jikinsa da danshinta, kuma kowane iri da iyakarsa. Alayyafon Turawa da koren wake mai ƙwaya, wanda ake ce wa fis, suna tsirowa tun ƙasa na digiri 4 ko 5. Latas ya fi son tsakanin 15 da 20, in ƙasa ta doshi 30 sai ya yi barci ya ƙi fasawa ko da ransa. Wake da kokwamba ba sa son ƙasa da 16, su kan ruɓe a ƙasa mai sanyi da laima. Tumatir da tattasai sun fi sauri tsakanin 24 da 30. Kuɓewa kuwa sai ta ji zafi sosai take sakewa. Da masu akwatin sun buga waɗannan lambobi a bayan kowane fakiti, da ba sai an nemi takardar watanni ba sam, da kuma maganarsu ta kowane yanayi ta tabbata.

Don in yi wa takardar adalci, na ware ɗan layi na shuka latas da fis a Maris kamar yadda ta ce. A lokacin ma'aunin na nuna mini 27 da safe, bayan azahar ya wuce 38 a fangalin da ba inuwa. Latas ɗin ƙalilan ne suka leƙo, su ma ba su yi ganyen kirki ba suka miƙe sama suka fid da kai, ganyen ya yi ɗaci. Fis ya tsiro ya yi rawaya ya kwanta. Sauran irin na ajiye har zafi ya karye, ƙasa ta sauko wajen 18 zuwa 20 da safe, na shuka da yamma na rufe da busasshiyar ciyawa sama-sama. Daga fakitin nan guda na sami latas mai faɗin ganye da laushi, na yi ta tsinka ta gefe yana sake tohowa har sanyi ya wuce. Karas ma a lokacin ya yi. Shi kai tsaye ake yayyafa shi a fangali, ba a dasa shi, kuma yana bukatar haƙuri domin ya kan yi mako biyu zuwa uku kafin ya fito, ƙasar kuma kada ta bushe ko sau ɗaya a tsakani. Wannan bayanin, in faɗi gaskiya, fakitin karas ɗin ya yi shi daidai.

Ƙanwata ma ma'aunin ya yi mata rana, ta ɗaya gefen. Akwai makon da rana ta fito a Afrilu, kowa ya cire rigar sanyi, ta ɗauki irin wake za ta shuka. Da ta soka sandar sai ta ga 9. Iska ta yi ɗumi, ƙasa ba ta yi ba, musamman tata mai laka da ke riƙe ruwa. Ta dakata, ta shuka fis da latas da alayyafo a maimakonsa, waken ya jira har ƙarshen Mayu.

Tumatir ne ya fi nuna bambancinmu. Iri biyu ne a akwatin, manya masu tsoka da ƙanana masu zuwa a gungu. A wurinta manyan sun yi, sai dai ta yi ta fargabar kada sanyi ya dawo kafin su nuna, wasu ma a ɗaki suka ƙarasa ja. A wurina manyan sun yi ganye shar, sun yi fure, furen ya yi ta zuba ba ɗa. Dalilin sananne ne: in zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da 21, garin furen tumatir kan lalace, ba ya kamawa. Ba taki ne ya gaza ba, ba kuma ruwa ba, don haka kada mutum ya yi ta ƙara su. Ƙananan sun fi jurewa nesa ba kusa ba, sun ci gaba da bayarwa bayan manyan sun tsaya. Mai ƙasa mai zafi ya sa ransa a kan ƙananan, manyan kuma ya lissafa yadda furensu zai faɗo cikin sanyi.

Albasar akwatin kuwa bai kamata a aiko wa irina da ita ba. Albasa da tsawon yini take aiki. Akwai mai jiran yini ya kai awa 14 zuwa 16 kafin ta yi kai, akwai mai yi da awa 10 zuwa 12. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya yininsu ba ya nisa da awa 12 duk shekara, saboda haka ta farkon ba za ta taɓa yin kai a can ba, komai takin da aka zuba mata. Fakitin bai faɗi wace iri ba ce. Tawa ta tsaya a ganye da siririn wuya, ta ƙanwata ta yi kai. Lawashin na amfana da shi, amma ba shi aka nuna a hoton fakitin ba.

Farantin reno da murfinsa kayan masu sanyi ne. Ƙanwata ta ji daɗinsa, yana riƙe ɗumi da danshi a bakin taga. Matsalar da ta samu ta haske ce, tsiron ya yi tsawo ya sirance yana karkata wajen gilashi, sai da ta sayo fitilar shuka tana kunna masa awa 14 zuwa 16 a rana. Takardar ba ta ambaci fitila ba, amma ta yi bayani mai kyau kan sabar da tsiro da waje kafin dashe, a riƙa fitar da shi awa ɗaya, gobe biyu, a ƙara a hankali har mako guda ko kwana goma. A wurina murfin ba shi da aiki. Ƙarƙashinsa zafi da tururi ke taruwa, kuma nan ne cutar nan ke samun wuri, wadda ke kama tsiro a wuya daidai ƙasa, ka kwana da shi a tsaye ka tashi ya faɗi. Na ajiye murfin, na sa farantin inda rana ke taɓa shi da safe kawai, ina ba shi ruwa ta ƙasa. Robar farantin siririya ce, ba na jin za ta kai shekara uku in rana na dukanta. Dunƙulen ɓawon kwakwar yana da kyau, yana riƙe ruwa ba ya cushewa, sai dai ba abinci a cikinsa. Da zarar ganyen gaskiya na farko ya fito sai a fara ba da taki mai ruwa-ruwa, in ba haka ba tsiron ya tsaya cak ya yi fari.

Furannin su suka fi faranta mini rai, ban kuma zaci haka ba. Uku daga cikinsu, marigol da ziniya da kosmos, asalinsu Meziko ne, zafi ba baƙonsu ba ne. Ziniyar ta yi fure ja da ruwan hoda da ruwan lemo, kuma duk wanda na yanka sai reshe biyu su fito a madadinsa. Malam buɗe littafi da ƙudan zuma ba su rabu da wurin ba, kokwambata da ke kusa ta fi ta can nesa 'ya'ya, domin furenta sai ƙwaro ya kai masa gari yake kamawa. Abin kula da ziniya ɗaya ne, a ba ta ruwa a gindi, in ana jiƙa ganyen farar hoda kan hau shi, musamman da damina. Kosmos ba ya son gata, inda na sa masa taki ganye ya yi ta yi, inda ƙasar ba ƙarfi nan ya cika da fure. Furen rana ya tashi ya fi ni tsawo, yana ƙarami kansa na bin rana daga gabas zuwa yamma, da ya buɗe sai ya tsaya yana kallon gabas. Duk mai son ya riƙa ganin fuskarsa daga ƙofa ya tuna da wannan kafin ya zaɓi wurin shuka.

A fakitin marigol an rubuta cewa yana korar ƙwari daga lambu. Maganar ta yi faɗi da yawa. Abin da aka tabbatar shi ne saiwarsa na rage tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, kuma hakan ma sai an cika fangalin da shi na kimanin wata biyu kafin a shuka abin da ake son karewa. Gindi biyu a bakin layi ado ne kawai. Darɓa da farin ƙuda sun zo mini duk da yana nan, da ruwan sabulu mai sauƙi na rage su.

Akwai abu ɗaya da ya tayar mini da hankali ƙwarai. Cikin furannin akwai wani mai hawa, mai ƙamshi, ɗan asalin tsibirin Sisili, wanda ke fitar da kwanso kamar na fis, ƙwayarsa ma ta yi kama da ta fis. Ba a cin sa, yana da guba. A akwatin an jera fakitinsa kusa da na fis ɗin ci, launinsu kusan ɗaya, gargaɗin kuma da ƙananan haruffa a can ƙasa. Gidan da ke da yara masu tsinkar abu a lambu su kai baki, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. A wurin ƙanwata ya hau shinge ya cika bayan gidan da ƙamshi, ta raba shi nesa da kayan ci. A wurina bai jure ba, sanyi yake so.

Na rubuta wa masu sayarwar a kan abu uku, albasar, da layin nan na kowane wata, da fakitin furen mai guba. Sun amsa cikin ladabi kuma ba su ɓata lokaci ba. Sun tabbatar mini albasar ta dogon yini ce, sun ce za su duba batun gargaɗin. Kan lokacin shuka kuwa sun mayar da ni ga takardar da nake ƙorafi a kanta, wanda ya nuna mini mai amsawar bai taɓa shuka komai a ƙasa mai zafi ba.

Mai zama inda ake ƙanƙara, sabon shiga, ya saya hankali kwance, ya tanadi fitila in tagarsa ba ta samun rana sosai. Mai zama a ƙasa mai zafi ma zai iya saya, in ya yarda cewa albasa da furen Sisili ba nasa ba ne, murfin ma haka, sannan ya raba sauran irin kashi biyu. Latas, karas, kabeji, fis, alayyafon Turawa da manyan tumatir su jira sanyi. Kuɓewa, wake, kokwamba, ƙananan tumatir, ziniya, marigol, kosmos da furen rana su shiga ƙasa in ta yi ɗumi kuma akwai ruwan ba su. Wanda ya riga ya san abin da ke yi a wurinsa, ma'aunin kaɗai ya isa ya nema, ya sayi irin da aka saba da shi a yankinsa.

Tunda rabin irin zai yi watanni yana jira, adana shi ya zama wani aikin. Wani masanin iri na jami'ar Kalifoniya, James Harrington, ya bar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ragin kimanin digiri 5 a wurin ajiya na ninka rayuwar iri, haka ma duk ragin kashi 1 cikin 100 na danshin da ke jikinsa. Kwalin da akwatin ya zo a ciki ba ya tare ko ɗaya daga cikin biyun, kuma ledar fakitin in an yage ta ba ta sake rufuwa. Na naɗe bakin kowanne na ɗaure, na zuba su a kwalba mai murfin ƙarfe tare da ɗan ƙunshin nan mai shan danshi, na sa a ƙasan firji, ba wurin ƙanƙara ba. In za a ɗiba, a bar kwalbar a ɗaki sanyinta ya fita kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan irin.